Salula a Hannun Matan Adar

 

Da aka ce in zo in yi magana kan manhajojin salula da yadda suke kwantar wa mutum da hankali, wani abokina ya turo mini waɗanda ake yayi a Turai da Amurka. Wata tana ƙirga maka takun da ka yi a yini, wata tana koya maka jan numfashi kafin barci. Sai na yi dariya. Matar da ta je rijiya tun asuba, ta dawo ta kama daka, me za ta yi da lissafin taku? Abin da ke hana ta barci daban ne: maigida yana Abijan ko Libiya, wata uku shiru, ga rumbu ya fara nuna ƙasa.

Adar ƙasar bida ce, wannan ba sai na gaya muku ba. Da an gama girbi, ku je tashar Tawa ku ga samarin Barmu da Afala da Kalfu da Takanamat, kowa da jakarsa. Ina yaro ni nake karanta wa goggona wasiƙar mijinta, kuma Allah Ya gafarta mini, inda rubutun ya gagare ni sai in ƙarasa da ka. Daga baya aka koma kaset. Direba ya kawo, a taru a tsakar gida bayan isha'i, a saka a rediyo. Idan batir ya yi sanyi muryar ta riƙa ja kamar ta mai jin barci, goggo ta ce, "Kai ɗan nan, anya lafiyarsa ƙalau?" Kafin amsarta ta kai can, wata ya wuce.

Yau saƙon murya na WhatsApp ya gaji kaset ɗin nan. A ganina babu manhajar da ta yi wa kwanciyar hankalin Adarawa aiki kamarta, saboda dalili guda: ba ta tambayar ko ka yi lakkal. Ka danna, ka yi magana da Adaranci ko Tamajak ko Fulatanci, ka saki. Tsohuwa ta ji tarin ɗanta ta ce ya nemi magani. Uba ya ga jaririn da aka raɗa wa suna ba ya nan. Ko da sai an hau kan dutse an nemo rezo, an kuma biya mai sola kuɗin caji, da sauƙi a kan jiran direba.

Sai dai murya ba ta cika tukunya, don haka bari in zo kan kuɗi. Akwai bincike da aka yi a jiharmu, wanda masana tattalin arziki na duniya suka fi mu saninsa. Bayan farin da ya lalata daminar 2009, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba wa mata tallafi a 2010, jika 22 kowane wata har wata biyar. Jenny Aker ta jami'ar Tufts a Amurka da abokan aikinta suka bi sawun aikin a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. An kasa ƙauyukan kashi uku. Wasu aka miƙa musu kuɗi a hannu. Wasu aka ba su salula, kuɗin yana shigowa ta Zap, tsarin kamfanin Zain wanda ya koma Airtel. Kashi na uku kuwa, a nan dabarar take, an ba su salula amma kuɗin a hannu suke karɓa.

Da aka auna, gidajen da kuɗi ya shigo ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu kuma sun samu ƙarin kusan sulusin ci ɗaya a yini. Kuɗin daidai yake, waya ma kashi na uku suna da ita. To me ya bambanta? Na farko lokaci: ba doguwar tafiya, ba dogon layi a rana, ga shi damina ce, gona tana jira. Na biyu sirri. Ranar rabon kuɗi a hannu gari duka ya sani, mai bin bashi ya sani, dangi sun sani. Saƙon waya kuwa ƙara ɗaya ce cikin zani, mace ta samu sararin yin shawara da maigida kafin kowa ya ji. Ashe ba ƙarfen wayar ba ne ya yi aikin, ikon da ya shigo hannun matar ne.

Yanzu ga kamfanonin aika kuɗi, ga Nita, ga Amana, ga Al Izza, har da manhajojinsu a cikin waya. Mai tura ruwa a Agadas ko mai talla a Abijan yana iya aikowa da safe a ɗora tukunya da yamma. Amma ku tambayi iyayenmu da ke zaune can: wa ke riƙe da lambar sirri? Sau da yawa yaron gida ne, ko mai shago. Goggon nan tawa, wani ya taɓa kiranta ya ce ɗanta yana hannun hukuma a waje, ta aika kuɗi maza. Ta saida tunkiyarta. Da daddare ɗan ya turo murya yana tambayar lafiyar gida, bai san komai ba.

Akwai kuma hoton ƙarya. Saurayi ya jingina da motar wani ya ɗauka, ƙanensa a ƙauye ya gani ya ajiye littafi ya kama hanyar hamada. Ga muryoyin "a tura wa kowa" da ke tada hankalin gari da labarin harin da ba a tabbatar ba, a yankin da bai manta da harin da aka kai Tiliya a watan Maris na 2021 ba. Wanda maciji ya taɓa sara, tsumma ma gudunsa yake, bai kamata a yi wasa da tsoronsa ba.

Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani da ke nan, masu karatun kwamfuta, roƙona gare ku shi ne ku ƙera mana manhaja mai magana, wadda za ta ce wa tsohuwa da Hausa "jika goma sun shigo, saura kaza", ta faɗi farashin hatsi a kasuwar Tawa da Abalak, ta tuna wa mai ciki ranar awo. Kafin ku kai can, akwai aikin da ba ya bukatar digiri. In kun je hutu, ku shimfiɗa tabarma kusa da Inna, ku koya mata danna lambar sirrinta da kanta, sau goma in ta kama, sannan ku kau da kai ta sauya ta ba ku gani ba.