"Na Ci" da "An Kayar da Ni"



Ku saurari ɗalibanmu ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito. Wanda ya yi nasara cewa yake, "Na ci." Wanda bai yi ba kuwa sai ya ce, "An kayar da ni." Kada mu yi musu dariya, domin mu ma haka muke. Idan aji ya yi kyau, ƙwazonmu ne. Idan ya lalace, sai mu ce yaran bana ba sa ja. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Julian Rotter, ya nuna cewa mutane sun bambanta a nan. Wasu na ganin linzamin rayuwarsu a hannunsu yake, wasu na ganin yana hannun sa'a ko na masu iko. Daga baya Bernard Weiner ya ƙara da cewa dalilin da mutum ya ɗora wa faɗuwarsa shi ke hukunta ko zai sake gwadawa. Yaron da ya ce "ban yi bita ba" ya bar wa kansa ƙofa, domin gobe yana iya yin bitar. Wanda ya ce "ba ni da kan lissafi" ya rufe ta, ya jefar da makullin.

A 1975 Carol Dweck ta gwada wannan a kan yara 12 masu saurin karaya. Wasu aka riƙa ba su lissafin da za su ci kullum. Sauran aka bar su suna faɗuwa jefi-jefi, ana gaya musu ƙoƙari ne ya gaza. Da aka sake kawo mai wuya, rukuni na biyu ne ya daure.

Saboda haka duk ranar da muka ce wa yaro "daƙiƙi", mun koya masa cewa ciwon nasa ba shi da magani. Gara mu nuna masa layin da ya ɓata, mu ce ya sake.

Amma kada a juya mana magana, a ce komai laifin malami ne. Aji mai cunkoso, rufi mai yoyo, da albashin da ke makara ba a hannun malami ɗaya suke ba. Waɗannan ne suka sa muka haɗa kai a ƙungiya: abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, jama'a ke ɗaga shi. Shirya darasi, duba littattafan yara, da furucin bakinmu kuwa, ba ma jiran izinin kowa a kansu.

Roƙona shi ne, idan sakamakon bana ya fito, kowannenmu ya raba takarda biyu. Gefe ɗaya ya rubuta abin da zai gyara da kansa, ɗaya gefen abin da zai kawo wa reshe mu nema tare.

Allah Ya yi mana jagora.