KUƊIN MAGANI AMANA NE: INA LISSAFINSA?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Da farko ina godiya ga Allah da Ya nuna mana wannan rana, sannan ga shugabannin ƙungiya da suka ga ya dace in tsaya gaban malaman da suka koya mini riƙon alƙalami in yi magana. 'Yan'uwanmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. An nemi in ce wani abu a kan sana'ata ta harhaɗa magunguna, ni kuwa na zaɓi ɓangaren da ba a cika son jinsa ba, wato lissafin kuɗin maganin da gwamnati ke warewa domin talakawa: wa ke karɓa, me ake saye da shi, kuma wa ake yi wa bayani.

Dalilina shi ne, babu ɗayanmu a ɗakin nan da bai taɓa kai mara lafiya asibitin gwamnati ba, likita ya rubuta magani, a je taga a ce babu, a tafi kemis. Mu ma'aikata har haruffa biyu muke da su na wannan, O da S, ma'ana kaya sun ƙare. Mutumin Birnin Malam da aka ce wa haka da dare, sai ya nemi mai babur ya nufi Jega, ga kuɗin mai, ga kuɗin magani, ga ciwo yana ƙaruwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. Saboda haka duk kwabon da ya ɓace daga asusun magani, a wuyan manomi yake komawa.

INDA AKA FITO

Bayan taron Alma-Ata na 1978, ƙasashen duniya sun amince a kai kiwon lafiya matakin farko ƙofar kowa. Amma a shekarun 1980 tattalin arziki ya karye, asibitoci suka zama wurin duba mutum kawai, babu abin ba shi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, babban birnin Mali, da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka fito da shirin da ake kira Shirin Bamako. Hikimarsa mai sauƙi ce. A ba ƙaramin asibiti jarin magani, ya sayar wa jama'a da rahusa, kuɗin da aka samu a sake sayo wani maganin, mutanen gari kuma su sa ido a kan asusun. Wannan shi ne asusun magani mai jujjuyawa. Nijeriya ta karɓi shirin a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, kuma a 1989 aka kafa dokar jerin muhimman magunguna.

Da yawanmu mun tuna zamanin PTF, asusun rarar man fetur da Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta daga 1995 har aka rushe shi a 1999. A lokacin an cika ɗakunan magani na asibitocin gwamnati, jama'a suka shaida. To amma ina tambaya, bayan 'yan shekaru, nawa ne daga cikin waɗannan asusu suka rage da rai? A wurare da dama jarin ya narke, aka koma gidan jiya. Ba wuta ce ta cinye shi ba, ba kuma ambaliya ba. Rashin lissafi ne.

YADDA JARI KE MUTUWA

Bari in kawo misali da alƙaluma masu sauƙi, malamin lissafinmu yana zaune, in na kauce ya gyara mini. A ce an ba asibiti maganin Naira 100,000. A cikin wata uku, na Naira 10,000 ya tafi bashi ga 'yan'uwan manya, ba a rubuta ba. Na Naira 5,000 wa'adinsa ya ƙare a sito domin an tura shi baya an ɗora sabo a gaba. Na Naira 15,000 kuma an sayar, amma aka ranci kuɗin don tarbar baƙi ko sayen man janareto, da alƙawarin za a mayar. Saura na Naira 70,000. Ko an ɗora ribar kashi 10, abin da zai shiga banki shi ne Naira 77,000. Idan kafin a koma kasuwa farashi ya hau da kashi 20, wannan kuɗi maganin Naira 64,000 na da kawai zai saya. A zagaye ɗaya an rasa fiye da sulusin kaya. In aka maimaita haka, zagaye na biyu ya rage kamar na Naira 41,000, na uku kamar na Naira 26,000. Kafin shekara ta cika, kanta ta zama fayau.

Ku lura, a cikin misalin nan babu wanda ya fasa ƙofa da dare. Kowa yana ganin ɗan abin da ya taɓa bai kai a yi magana ba, ga shi kuwa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Hauhawar farashin da na ambata kuma ba tatsuniya ba ce. Duk wanda ya sayi maganin hawan jini ko na asma bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, shekarar da kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Nijeriya, ya ji a jikinsa.

TSARIN DA AKE KAI

A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, da ake kira BHCPF. Dokar ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na haɗaɗɗen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, ta kuma raba shi kamar haka: kashi 50 ga inshorar lafiya, kashi 20 ga magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, kashi 15 ga gyaran gine-gine da na'urori da sufuri, kashi 10 ga horar da ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, kimanin Naira biliyan 55. A 2022 kuma aka sauya tsohuwar hukumar NHIS da sabuwar hukuma NHIA, aka mai da inshorar lafiya wajibi. A nan jiharmu hukumar KECHEMA ce ke riƙe da ɓangaren inshora.

Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya da kuɗi ke shiga asusunsa na banki kai tsaye. Kuɗin kan zo ta hanya biyu. Akwai na gudanar da aiki, wanda ake turowa duk bayan wata uku. Akwai kuma kuɗin kowane kai, wato abin da ake biyan asibiti a kan kowane mutum da aka yi wa rajistar inshora, ko ya zo ko bai zo ba, domin ranar da ya zo a ba shi magani ba tare da an ce ya kawo kuɗi ba. Wannan na biyun shi ya fi buƙatar sa ido, domin idan tsohuwar da aka rubuta sunanta ba ta san an rubuta ba, za ta ci gaba da sayar da akuyarta tana sayen magani alhali an riga an biya mata.

Sharaɗin karɓar kuɗin shi ne bayani. Kafin a taɓa kwabo, shugaban asibiti da kwamitin raya mazaɓa su zauna su tsara abin da za a yi a wata ukun. Fitar da kuɗi sai da sa hannun ɓangarorin biyu. Bayan an kashe kuma a haɗa rahoto da rasit a miƙa wa ƙaramar hukuma da jiha. Asibitin da bai kawo lissafi ba, kuɗinsa na gaba kan maƙale, mai shan wahalar kuwa ba shi ne ya ƙi rubutun ba.

TAKARDUN DA BA A WASA DA SU

Duk ɗakin maganin da ke da gaskiya, za ka tarar da abubuwa biyar. Na ɗaya, katin sito na kowane magani, mai nuna abin da ya shigo, abin da ya fita, da ranar ƙarewar wa'adi. Na biyu, rajistar bayar da magani ta kullum, da sunan mara lafiya da abin da aka ba shi. Na uku, littafin rasit mai lamba a jere. Na huɗu, littafin kuɗi tare da takardar shaidar banki. Na biyar, rahoton wata, wanda ke ɗaure sauran huɗun wuri guda. Gwajin kuma ɗaya ne: kayan da aka fara wata da su, a haɗa da wanda aka sayo, a cire wanda aka bayar, dole ya yi daidai da abin da hannu zai ƙirga a kan kanta. In bai yi daidai ba, akwai magana.

Rasit yana da wani amfani bayan kuɗi, domin shi ke nuna inda aka sayo magani. A 1990 yara fiye da 100 sun mutu a Ibadan da Jos saboda gurɓataccen ruwan farasitamol, abin da ya taimaka wajen kafa NAFDAC a 1993. A 2008 kuma maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya hallaka yara fiye da 80. Ranar da aka ce a janye wani magani, asibitin da ya rubuta lambar kwali da sunan dillali zai gano nasa cikin awa guda. Wanda ya sayo a bayan mota a kasuwa kuwa sai dai ya yi ta addu'a.

Akwai kuma batun kamasho. Dillali kan ce wa mai sayen magani, saya a wurina in ba ka wani abu. Wannan ba mu kaɗai yake damu ba. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, kamfanonin magani sun daɗe suna mayar wa masu shagunan magani wani kaso domin su riƙa ajiye kayansu. A 2006 gwamnatin lardin ta hana wannan la'ada, ta bar wani alawus mai iyaka da za a kashe kan hidimar marasa lafiya kawai, ta kuma wajabta wa mai bayarwa da mai karɓa kowa ya kawo rahoto, a gwada a gani. Da rahotannin suka nuna ba a bin ƙa'ida, a 2010 aka soke alawus ɗin daga shirin maganin gwamnati, aka kuma rage farashin magungunan. Darasin da na ɗauka shi ne, ba su iya gyara ba sai da suka sami alƙaluma a hannu. A wurinmu ma, duk rangwamen da dillali ya yi na asusu ne, a rubuta shi a littafi.

ADALCI GA MA'AIKATA

Kada a ɗauka duk inda lissafi ya ruɗe sata aka yi. Na taɓa zuwa wani ƙaramin asibiti inda ma'aikaciya ɗaya ce ke awon ciki, ita ke karɓar haihuwa, ita ke ba da magani, ita kuma ake jira ta cika rajista da fitilar waya. Wani kuma babba ne ya aiko a ba shi magani, ƙaramin ma'aikaci ba shi da bakin cewa a'a. Irin waɗannan taimako suke buƙata da kariya. Rubutu shi ne garkuwar mai gaskiya, domin ranar da odita ya zo, takarda ce za ta yi magana. Kuma mu duka mun sani ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

ABIN DA ƘUNGIYARMU ZA TA IYA

'Yan'uwa, a cikinmu akwai akantoci, akwai malamai, akwai 'yan kasuwar da ke lodin albasa daga Aliero zuwa Kudu ba tare da buhu ɗaya ya ɓace musu a lissafi ba. Ina ba da shawara huɗu.

Na farko, kowane reshe namu a Jega da Aliero da Maiyama ya nemi sanin 'yan kwamitin raya mazaɓarsa, kuma namu da suka yi ritaya suka dawo gida su yarda su shiga. Wanda bai iya karanta takardar banki ba, bai kamata a bar shi shi kaɗai da nauyin sa hannu a cek ba.

Na biyu, mu roƙi a riƙa manna farashin magunguna da taƙaitaccen lissafin wata uku a bangon asibiti, da boko da ajami, yadda kowa zai karanta.

Na uku, akantocinmu su ba da kwana ɗaya ko biyu a shekara su koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci riƙon littafin kuɗi, kyauta. Ana iya neman haɗin kan kwalejin koyon aikin lafiya da ke Jega.

Na huɗu, kuma shi ya fi wuya, mu fara da kanmu. Kada ɗayanmu ya aika da 'yar takarda a ba iyalinsa magani bashi don yana da muƙami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In muna son taimakon marasa ƙarfi, mu tara kuɗi mu biya musu a ba mu rasit.

Idan za mu je asibiti, mu je da ladabi, ta hannun hakimi da mai gari, mu yi tambayoyi uku kawai: nawa ya shigo, me aka saya, me ya rage? Ma'aikacin kirki zai yi murna da tambayar. Ina roƙon shugabanninmu su sa wannan cikin ajandar taron baɗi, kowane reshe ya zo da amsar da ya samo.