Jawabi Kan Muguwar Iskar Da Ke Kwanciya A Gindin Rijiya Da Masai



Mun roƙi a ba mu 'yan mintoci a wannan zama domin lokacin yasar rijiyoyi ya gabato. Da zarar bazara ta kama, ruwa ya ja baya, kowane maigida sai ya shiga neman wanda zai sauka ya kwashe masa laka. Haka kuma kafin damina ake son a kwashe masai da sokawe. To, a irin waɗannan ramuka ne ake samun wata iska mai guba wadda masana ke kira haidurojin salfaid, suna rubuta ta H2S. Ita muke son mu yi bayani a kai yau.

Kowa a nan ya taɓa shaƙarta ko bai san sunanta ba. Warin baragurbi, wato ƙwan da ya ruɓe, ita ce. Warin da ke tasowa idan aka tona kwata mai baƙar laka, ita ce. Abu biyu ne suka haɗu suka yi ta: haidurojin da farar wuta. Duk inda kashi ko mushe ko ganye ya ruɓe a wurin da iska ba ta ratsawa, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ke cin dattin suna fitar da ita. Wani masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, shi ya fara bayyana yadda take a shekarar 1777. Amma tun kafin shi, wani likita a Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta yadda masu kwasar masai na zamaninsa ke fama da ciwon ido saboda tururin ramin. Ke nan dai tsohuwar masifa ce ta masu wannan sana'a.

Halinta na farko da ya kamata mu riƙe shi ne ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan kashi 20 cikin 100. Saboda haka ba ta tashi sama ta watse kamar hayaƙi, sai ta gangara ta kwanta a gindin rami. Mutum yana tsaye a bakin rijiya lafiya lau, wanda ke ƙasa kuwa yana cikinta tsundum. Sa'an nan tana narkewa a cikin ruwa da laka ta zauna shiru. Mai yasa na iya sauka bai ji komai ba, sai ya sa shebur ya motsa lakar, nan take ta taso gaba ɗaya, kamar yadda kumfa ke tasowa idan aka girgiza kwalbar lemo.

Yanzu ga inda yaudarar take, kuma muna roƙo a saurara da kyau. Hancin ɗan Adam yana jin warinta ko da ba ta kai kashi 1 cikin miliyan ba, shi ya sa muke zaton hanci zai yi mana gargaɗi. Amma idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, sai ta kashe jijiyar jin wari. Mutum ya ce, “Ai warin ya tafi, babu komai,” alhali kuwa lokacin ne ta yi yawa. Idan ta kai kashi 500 zuwa 700, cikin 'yan mintoci mutum zai faɗi. Idan ta kai 1,000, numfashi ɗaya ko biyu ya isa, ko ihu ba zai samu yi ba. Dalili kuwa shi ne tana bi ta huhu ta shiga jini, ta toshe hanyar da ƙwayoyin jiki ke amfani da iskar oksijin, sa'an nan ta tsayar da sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi. Idan kaɗan ce, alamominta su ne ido ya yi ja yana zafi yana hawaye, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, ga ciwon kai da jiri da tashin zuciya.

Mun san abin da ake faɗa idan lafiyayyen saurayi ya faɗi haka ba zato, a ce mutanen ɓoye ne na rijiyar suka taɓa shi. Ba mu zo gardama da kowa ba. Abin da muka sani shi ne wannan iskar ana auna ta da na'ura, kuma idan aka kore ta da iska mai kyau mutane na shiga su fito lafiya.

Masu haƙar rijiya na da wata dabara ta iyaye da kakanni, su zura fitila da igiya, in ta mutu su fasa shiga. Dabara ce mai kyau, amma abin da take nunawa kawai shi ne ko akwai oksijin ko babu. Kashi 1,000 cikin miliyan da muka ambata, ɗaya ne tak cikin dubu, sauran duk iskar kirki ce, saboda haka fitila za ta ci gaba da ci ras a wurin da zai kashe mutum. Ga kuma wani haɗarin: ita kanta H2S tana kama wuta idan ta haura kashi 4 cikin 100, kuma a masai yawanci tare take da iskar methane, wadda ita ma ke fashewa. Don haka kada a kunna ashana ko taba a bakin masai da aka buɗe.

Tana cin ƙarfe da siminti a hankali, shi ya sa marfin tsohon sokawe kan ruguje da mutum. Tana kuma mayar da azurfa baƙa. Matan da ke ganin zobe ko awarwaron azurfa na saurin yin baƙi a kusa da banɗaki, to ga dalilin nan.

Kada a ɗauka abin namu ne na ƙauye kaɗai. A garin Poza Rica na ƙasar Meziko, a 1950, ta tsere daga wata masana'antar gas da asuba ta kashe mutum 22, aka kwantar da 320 a asibiti. A watan Disamba na 2003 wata rijiyar gas ta fashe a gundumar Kaixian ta ƙasar Sin, mutum 243 suka mutu, akasari manoman ƙauyukan kewaye. A Kano kuwa, 'ya'yanmu da ke zuwa cin rani su sani cewa kamfanonin jima na Sharaɗa da Chalawa da Bompai na amfani da sinadarin salfaid wajen cire gashin fata, kuma idan ruwansa ya haɗu da asid wannan iskar ce ke tashi. Haka abin yake ga masu kwasar masai, waɗanda Kanawa ke wa laƙabi da “gidan kowa da akwai”. Daga nan za ku gane abin da ya sa bai kamata a zuba ruwan batir a masai wai don ya lotsa ba. Batirin sola ma, irin mai ruwa, idan caji ya yi masa yawa yakan fitar da ita. In ka ji warin baragurbi a ɗakin batir, ka kashe, ka buɗe tagogi, ka fita.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne mutuwar masu ceto. Ɗaya ya faɗi, ƙanensa ya bi shi, maƙwabci ya bi su, a fito da gawa uku daga rami ɗaya. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta bayyana a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare ƙuntatattu, masu ƙoƙarin ceto ne. Mun san abu ne mai wuya a ce wa uba ya tsaya ɗansa na ƙasa. Amma jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci ba ya tare ta, takunkumin asibiti ba ya tare ta, riƙe numfashi kuma ba zai kai ka ƙasa ka ɗauko ƙato ka dawo ba.

Saboda haka shirin ceto kafin a sauka ake yin sa. Duk mai shiga rijiya a ɗaura masa igiya mai ƙarfi a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, daban da igiyar guga, kuma a samu ƙarti aƙalla biyu a sama waɗanda ba su da wani aiki sai riƙonta da yi masa magana. Da ya yi shiru ko maganarsa ta sauya, a jawo shi, ba sai ya nema ba. A buɗe ramin tun da wuri ya sha iska, a motsa lakar da doguwar gora daga sama, a ja da baya, a jira. In da hali a tura iska ƙasa da fanka ta cikin bututu, a bar ta tana aiki har a gama. Injin jan ruwa ko janareta a bar shi a waje nesa da baki, domin hayaƙinsa wata gubar ce daban. Masai da sokawe kuwa, shawararmu ita ce kada kowa ya shiga sam, a kwashe daga sama.

Idan an fito da mutum, a kai shi sarari inda iska ke kaɗawa, a kwance masa riga. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin wanda ya suma zai shaƙe su ne su gangara huhu. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe. In ba ya yi, a dinga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi ba tsayawa, a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa da ke da oksijin, ko da sai an kai Kontagora ne. Wanda ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, shi ma a kai shi, saboda ruwa na iya taruwa a huhunsa bayan wasu sa'o'i.

Muna da buƙata ɗaya ga shugabanni. A duba yiwuwar ƙungiya ta sayi doguwar igiya da ɗamarar ƙirji da fanka mai bututu, a ajiye wurin mutum ɗaya da kowa ya sani, duk mai yasa ya ara kyauta. Muna fatan a sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna kafin a tashi.