Leda a cikin tumbi: jawabi ga makiyaya da samarin gari

 

Yau ba maganar lamba ta kawo ni ba, ba kuwa maganar ciwon huhu ko gishu ba. Na zo ne da maganar wani ciwo wanda ba shi da allura, ba shi da ƙwaya, kuma mu da hannunmu muke zuba shi a bakin dabba. Wannan ciwo shi ne leda.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wata rana da bazara, ina duba nama a mahauta, aka yanka wata saniya ramammiya. Mai ita ya ce ya ba ta maganin tsutsa har sau biyu, ya saya mata dussa, amma kullum sai ƙara lalacewa take. Da mahauci ya fasa tumbi, sai ga dunƙulen leda da tsumma da igiya, sun murɗe sun yi tauri, har suka cika tasa. Mutumen ya tsaya shiru, can ya ce: "Ashe wata uku leda nake kiwo."

Yaya abin yake faruwa? Saniya ba ta zaɓen abinci, da harshe take naɗowa ta haɗiye. Da rani, in haki ya ƙare, jikinta yana neman gishiri da sinadarin da ke gina ƙashi, sai ta kama lasar duk abin da ta samu. Ledar da aka ƙulla mai ko ƙosai ko gishiri tana da ɗanɗano, tunkiya da akuya ma ba su barin ta. To leda ba ta narkewa a ciki. Tana taruwa a tumbi kaɗan kaɗan, ta tare wurin abinci.

Ga alamun da za ku lura da su: dabba ta rage ci, ta rage tuƙa, kashinta ya yi kaɗan, gashi ya tashi, nono ya janye, tana ramewa amma ciki na nan a kumbure, musamman ɓangaren hagu. In abin ya kai haka, kanwa ba ta fidda shi, jiƙo ba ya fidda shi. Sai dai a yi wa dabba aiki a buɗe tumbi, ko a yanka ta tun ba ta zama mushe ba. Ƙusa da waya kuwa sukan huda ciki har su kai ga zuciya. Tsohon batirin mota yana da dalma, in maraƙi ya lasa, yana iya makancewa ya mutu.

Hukuma ta san da wannan. A watan Nuwamba na 2014 Nijar ta yi doka mai lamba 2014-63 wadda ta hana ƙera ledar nan marar kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Ruwanda ta hana tun 2008, Muritaniya a 2013, Kenya a 2017. Amma ku je kasuwar Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da marece, ku dubi ƙaya, za ku ga leda ta rataye kamar jemagu. Doka ba ta tsince ledar da ta riga ta faɗi ƙasa. Hannu ne ke tsincewa.

A nan ne nake kiran samari. Da kaka ta wuce, da yawanku sai ku ɗau jaka ku tafi cin rani, alhali ga sana'a zube a kan juji. Zan faɗi guda huɗu.

Ta farko, tankaɗe juji. Manomi yakan kwashe shara da amalanke ya kai gona a matsayin taki, da ledarta da gilashinta duka. In an saki gonaki, garke ya shigo cin kara, sai ya tarar da ita. Ku samu rariyar waya, ku tankaɗe, ku ware leda gefe, ƙarfe gefe. Abin da ya rage ku haɗa da kashin shanu da toka da ruɓaɓɓen kara cikin rami, kuna yayyafa ruwa, kuna juyawa duk sati biyu. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama taki mai kyau, masu lambu za su saya.

Ta biyu, ledar kanta. Akan narka ta a haɗa da yashi, a zuba cikin ma'auni, a fidda tubalin daɓen hanya ko na tsakar gida. Ana wannan aiki a Yamai. Amma ku ji gargaɗi: hayaƙinta guba ne. A yi shi nesa da gidaje da garke, a rufe hanci da hannu, kada a sa bututun roba na famfo a wuta. Wanda bai koya wurin masu yi ba, kada ya fara. Mata kuma suna wanke leda su tufka igiya, su saƙa jaka da faifai.

Ta uku, ƙarfe da gwangwani. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka tsohon sanholo a zuba tukunya, a mai da tsohuwar ganga murhu ko akwati. Duk ƙusar da kuka kai wa maƙeri, kun fidda ta daga hanyar saniya.

Ta huɗu, wadda ta fi kusa da aikinmu: abincin bisashe. Karan hatsi da na dawa, in aka zuba su haka nan, dabba ta ci ganye ta bar sanda. In aka niƙa su da inji, aka haɗa da dussa da ƴaƴan gawo da gishiri, aka danne suka zama dunƙule, ba abin da ke zubewa. Masu binciken noma na INRAN sun yi aiki a kan wannan dunƙule. Samari biyar ko goma suna iya haɗa kuɗi su kafa ƙungiya, su yi takarda a ma'aikatar magajin gari, su riƙa sayar wa masu turkar ragon layya. Dabbar da ta ƙoshi, ta samu gishirin lasa, ba ta cika bin juji ba.

Ku kuma iyaye, ga naku rabo. Kada ku raina yaron da kuka gani da buhu yana tsintar leda, ku ce ya zama ɗan bola. Garkenku yake tsarewa. Ku ba shi aron amalanke, ku sayi takinsa. In za ku kasuwa, ku riƙe kwando ko ƙwarya. Ku share bakin rijiya da wurin kwanan dabbobi. A cikin gari, ku ɗaure tumaki, kada ku sake su su yi kiwon kansu. Ku yi lissafi: kuɗin tunkiya guda da ta mutu, zai biya masu shara na wata nawa?

Wanda ya ga alamun da na faɗa a dabbarsa, ya zo sarwis ɗin kiwo da wuri, mu duba tare. Samarin da ke son koyon haɗa dunƙulen abinci ko rami na taki, su ma ƙofa a buɗe take.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kiyaye mana dukiyarmu.