Cinikin Talla a Intanet: Ina Halas Ta Tsaya, Ina Algus Ya Fara?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki kuma ya haramta zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu girma, matasanmu na Unguwar Romi da Kakuri da Sabon Tasha sun yawaita tambaya a kan wata sana'a da ake yi da waya ko kwamfuta, wato sayen masu kallo da araha a sayar wa masu talla da tsada. Ba mu ga laifin mai tambaya ba. Iyayen da yawa daga cikinsu a masaƙun Kakuri suka ci abinci, ga shi kuwa masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, wasu kuma suka bi bayanta. Wanda ya tashi ya tarar da ƙofar masaƙa a garƙame, dole ya ƙwanƙwasa wata. To amma wajibi ne Musulmi ya san hukuncin abu kafin ya sa hannu a cikinsa, kuma ba a yanke hukunci sai an fahimci surar abin.

Ga yadda abin yake. A 1998 wani kamfani a Amurka mai suna GoTo ya fito da tsarin da mai talla ba ya biya sai an latsa tallarsa. Google ya buɗe AdWords a 2000, sannan AdSense a 2003, wanda ya ba duk mai shafi damar ya ba da hayar gefen shafinsa a liƙa talla, a raba kuɗin da shi. A 2010 kamfanin ya bayyana cewa kashi 68 cikin 100 ne rabon mai shafi, kuma ba ya biya sai kuɗin ya kai dala 100. Daga 2024 ya koma biyan mai shafi gwargwadon yawan nuna tallar, maimakon yawan latsawa.

A nan ne ɗan sari ya ga kafa. Sai ya biya Facebook ko makamancinsa su turo masa mutane, yana fatan abin da zai samu daga tallar da ke shafinsa ya fi abin da ya kashe. A matsayin misali, idan ya sayi masu ziyara 1,000 a kan Naira 20 kowane ɗaya, ya kashe Naira 20,000. In talla ta kawo masa 25,000 ya ci ribar 5,000, in kuwa 15,000 ta kawo ya yi asarar 5,000. Iyakar sirrin ke nan da ake sayar wa yaranmu da sunan kwas.

A asalinsa wannan bai bambanta da wanda ya saro masara a Saminaka ya kawo Kaduna ya sayar ba, kuma asalin ciniki halas ne. Sai dai mai masara ya kawo abin da za a ci. Don haka tambayar farko ita ce: wanda aka jawo zuwa shafinka, me ya samu? In ilmi ne na gaskiya, kamar bayanin noma ko kiwon kaji ko gyaran waya, wanda ka wahala ka rubuta, to ka yi tallar hajarka ne, babu laifi. Amma saboda ribar ƙanƙanuwa ce, da yawa sukan kauce ta hanyoyi huɗu.

Na farko, ƙaryar kanu. A rubuta cewa wani malami ya rasu alhali yana raye, ko an buɗe ɗaukar ma'aikata ko rabon tallafi alhali babu, don kawai mutum ya latsa. Talaka ya ƙona datarsa, ya tarar da shafi fal talla babu labari. Mun sani cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa, ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe, ya yi masa kashedi mai tsanani a kan algus. Kanun ƙarya shi ne busasshen da aka ɗora a sama.

Na biyu, latsawar ƙarya. Matasa su haɗa zaure a WhatsApp, ka latsa mini in latsa maka, ko a sa manhaja ta riƙa ziyartar shafi kamar mutum, ko a ɓoye inda ake don a nuna kamar daga Amurka ko Ingila aka shigo, saboda tallar can ta fi tsada. Malaman fiƙihu sun yi bayanin najashu, wato mutum ya ƙara kuɗi a kan haja ba da niyyar saye ba, sai don a ruɗi wani, kuma shari'a ta hana shi. Wannan ɗan'uwansa ne. Kada wani ya ce ai Google mai kuɗi ne, domin kuɗin daga aljihun mai talla yake fita, wanda wataƙila tela ne ko mai ƙaramin shago. Ko da ba Musulmi ba ne, dukiyarsa ba ta halatta da yaudara. Bugu da ƙari, ka amince da sharaɗin cewa ba za ka latsa tallarka ba kuma ba za ka sa wani ya latsa ba, cika alkawari kuwa wajibi ne.

Na uku, irin tallar da ke fitowa. Caca da giya da bashi mai ruwa da hotunan batsa duk sukan bayyana. Tsarin ya ba mai shafi ikon toshe irin waɗannan rukunoni. Wanda ya bar su a buɗe don sun fi kawo kuɗi, ya san abin da ya zaɓa.

Na huɗu, sayar da buri. Wanda ya ga sana'ar ba ta ci, sai ya koma sayar da kwas ko asusun da aka buɗe da sunan wani, yana nuna hoton daloli, yana ɓoye abin da ya kashe. Ba mu manta yadda MMM ya tsaya cak a Disambar 2016 da kuɗin jama'a ba.

Ko ta fuskar duniya ma, gini ne a kan yashi. Tun 2007 Google ya rufe asusun masu shafukan da aka yi don talla kawai. A 2023 ƙungiyar masu talla ta Amurka, ANA, ta gano cewa irin waɗannan shafuka sun cinye kashi 15 cikin 100 na kuɗin tallar da ta bincika, abin da ya sa kamfanoni suka ƙara tsuke musu hanya. Ana iya rufe asusu rana ɗaya, a riƙe kuɗin da ke ciki, alhali na Facebook ya riga ya tafi. Ga kuma Naira, wadda dala ke kusan 460 a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024, don haka kuskure kaɗan a lissafi yakan cinye jari.

Nasiharmu ita ce: kada ka ci bashi ko ka sayar da keken ɗinkin mahaifiyarka don wannan harka. Ka rubuta abin da ka kashe da abin da ya shigo. Kanunka ya dace da abin da ke ciki. Ka toshe tallar haram ko da riba ta ragu. Wanda ya riga ya ci kuɗin latsawar ƙarya ya tuba, ya daina, ya nemi malami ya nuna masa yadda zai rabu da haƙƙin. Ku kuma iyaye, in yaro ya shigo da sabuwar waya ko babur, ku tambaye shi me ya sayar kuma wa ya saya. Ilmin da yaro ya koya a nan, in ya kai shi ga tallata kayan 'yan kasuwar Sabon Tasha a biya shi ladan aikinsa, ya samu sana'a mai tsabta.

Allah ya wadata mu da halas, ya tsare mu daga haram. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.