Jawabin Taron Iyaye Kan Bidiyon Tsagewar Ƙasa da Wutar Dutse

Mu ne masu yi muku tafinta a ofishin kariya, yawancinku kun san fuskokinmu. Yau an ba mu dama mu yi muku magana da Hausarmu kai tsaye, kuma za a buga ta a takardar sanarwa don a karanta wa wanda bai samu zuwa ba.

Abin da ya tara mu kun san shi. Kwana goma ke nan wani bidiyo yana yawo a wayoyi: ƙasa ta dare, wuta tana tsartuwa sama, wani baƙin abu mai kauri kamar kunu yana rarrafe a kan kwalta har ya haɗiye mota. An ɗora masa murya da Larabci ana cewa nan Habasha ne, wai kuma yana tafe yamma inda muke. Daren Talata gida uku suka ɗaure kaya suka fita ba sallama. A cikin duhu wata yarinya 'yar shekara biyar ta rabu da iyayenta, sai la'asar ɗin washegari aka same ta wajen mata masu itace. Allah ya kiyaye, tana hannun uwarta yanzu.

Ba mu zo ganin laifin kowa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. A cikinmu akwai wanda ya bar Rusairis ko Wad al-Mahi a 2022, akwai wanda ya bar Madani a Disamba 2023, akwai wanda ya bar Sinja da ƙauyukan Sinnar a daminar 2024. Duk mun ga ranar da wanda ya tsaya tambaya bai fita ba. Amma wannan magana tana da lokacin tambaya, don haka ku ba mu kunnuwanku.

Bidiyon nan gaskiya ne, ba haɗi ba ne, sai dai an sauya masa gari da shekara. An ɗauke shi a watan Mayu na 2018 a tsibirin Hawayi na Amurka, can tsakiyar teku, a wata unguwa da ke gindin dutsen Kilawiya. Ƙasa ta tsage a wurare 24 a tsakanin gidajen mutane, narkakken dutse ya binne tituna, ya cinye gidaje fiye da 700. Ku sake kallo da kyau za ku ga akwatin wasiƙa a bakin hanya irin na Amurkawa, wanda ba ku taɓa ganin irinsa tsakanin Kurmuk da Asosa ba. Abin da mai ɗora muryar bai faɗa muku ba shi ne, duk da wannan ɓarna wutar ba ta kashe kowa a unguwar ba, domin an kwashe mutane cikin tsari. Da ana cewa gani ya kori ji. Tun da waya ta zo, gani ma sai an tambaye shi daga ina.

To, Habasha tana da duwatsu masu aman wuta, waɗanda muke ce wa burkan da Larabci? Tana da su, ba za mu ɓoye muku ba. Ranar 23 ga Nuwamba 2025 wani dutse mai suna Haili Gubbi a yankin Afar ya yi aman toka da hayaƙi har wajen kilomita 14 a sama. Iska ta ɗebi tokar ta ƙetara Bahar Maliya zuwa Yaman da Oman, har Indiya. Toka ta rufe makiyayar ƙauyukan da ke kusa, dabbobinsu suka rasa ciyawa. Kafin nan, daga ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025, an yi ta girgizar ƙasa a wajen Awash, tsakanin duwatsun Fantale da Dofan. Gidaje da makarantu suka tsattsage, hanyoyi suka dare, aka kwashe dubun-dubatar mutane. A 2005 kuma, a Dabbahu, ƙasa ta buɗe tsawon wajen kilomita 60 cikin 'yan makonni.

Duk wuraren nan a gabas suke, kuma a kan layi ɗaya. Daga yankin Asosa zuwa Fantale kusan kilomita 600 ne a miƙe, zuwa Haili Gubbi kuwa ya haura 700. Kowanne ya fi nisan Damazin zuwa Hartum, ga kuma tsaunukan Habasha gaba ɗaya a tsakaninmu da su. Dalilin da ya sa suke kan layi ɗaya shi ne, a can ƙasa tana rabuwa da kanta a hankali, daga Bahar Maliya ta bi Afar ta gangara Kenya, a shekara bai fi yadda farce yake tsiro ba. Inda ta yi sirara, dutsen da zafi ya narkar a can ƙarƙashi yakan samu hanya ya taso. Yana tasowa yana fasa duwatsun da ke samansa, wannan fashewar ce mutane suke ji a matsayin girgiza. Wani lokaci ya tsaya a ciki ya huce, kamar yadda ya yi a Fantale. Wani lokaci ya ɓullo ta doguwar tsaga, ba lallai ta kan dutse ba, ko a tsakiyar gona ko titi. Zafinsa ya haura digiri 1,000. In ya fito gangare yake bi, kamar yadda ruwa yake bin kwari, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sau da yawa mai tafiya da ƙafa ya fi shi sauri. Ba ya hawa tsauni, ba ya yin tafiyar ɗaruruwan kilomita ya zo ya iske mutum a tanti.

Wata Inna ta kama hannunmu jiya ta kai mu bayan makewayi ta nuna mana tsaga a ƙasa. Inna, ki tuna hawasharku a Jazira. In rani ya yi, baƙar ƙasar nan takan dare har ƙafar akuya ta faɗa, in an sako ruwa a tur'a ko damina ta sauka sai ta haɗe bakinta. Laka ce ta bushe. Jabal Moya da duwatsun Ingasana tsofaffin duwatsu ne masu sanyi, haka ƙasar da muke zaune a kanta yanzu. A Sudan inda aka san tsohon bakin wuta shi ne Jabal Marra a Darfur, inda tafkunan Dariba biyu suke, shi ma ya yi shekaru dubbai yana barci, sai kuma hamadar Bayuda a arewa. Tsagar da ya kamata ta dame mu a nan ita ce ta bakin ramin makewayi bayan ruwa, da ta ramukan zinariya da samarinmu suke shiga. Waɗannan suna ruftawa da mutum, in kun ga irinsu ku gaya wa shugaban unguwa a ranar.

Baba Malam ya tambaye mu batun madatsar ruwa ta Nahda, saboda 'yan'uwan da suka rage a bakin kogi daga Rusairis zuwa Mai Wurno. Tsakaninta da inda aka yi girgizar Awash ya fi kilomita 500, girgizar ba ta fasa ta ba, an ma yi bikin buɗe ta a Satumba 2025. Mai ɗan'uwa a bakin kogi ya gaya masa ya riƙa sauraron gargaɗin ambaliya kamar kowace shekara.

Wasu sun ce alamar tashin duniya ce. Wannan fagen malamai ne, ba mu isa mu shiga ba. Abin da za mu iya tunatarwa tarihi ne. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa suka zauna a bakin Nilu, Makka da Madina suka nufa, kuma duk wanda Allah ya kai Madina ya ga baƙaƙen duwatsun da suka kewaye ta, waɗanda ake kira harra. Narkakken dutse ne da ya daskare. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, an yi kwanaki ana girgiza a Madina, sannan ƙasa ta tsage a kudu maso gabashin garin. Wuta ta yi kwana 52 tana fita, ta yi tafiyar wajen kilomita 23, mutane suka taru a Masallacin Annabi suna addu'a, ta tsaya ba ta shiga gari ba. Yau shekara fiye da 760 ke nan, ana ta ziyara.

Yanzu ga inda muke so ku fi ba mu hankalinku, domin shi ne aikin ofishinmu. Akwai wani gari a gabashin Kwango mai suna Goma, a gindin dutsen Nyiragongo, garin da shi ma ya cika da 'yan gudun hijira irinmu. Ranar 17 ga Janairu 2002 gefen dutsen ya tsage, wuta ta ratsa tsakiyar gari ta raba shi biyu, ta rufe wani ɓangare na filin jirgi, ta faɗa tafkin Kibu. Mutane wajen 120,000 suka rasa gidajensu. Bayan 'yan kwanaki wani gidan mai ya fashe lokacin da jama'a suke ɗibar fetur, gomman mutane suka mutu nan take. Da daren Asabar 22 ga Mayu 2021 ya sake tsagewa. Wannan karon wutar ta tsaya a bakin gari, amma ta datse babbar hanyar Rutshuru, ta lalata bututun ruwa da wayar lantarki. Mutum 32 aka ƙirga sun rasu, kuma ba dukkansu ne wutar ta ƙona ba. Wasu hatsarin mota ne ya kashe su a cikin turmutsitsin gudu. Wasu kuma sun yi gaggawar komawa, suka taka kan dutsen da bai gama hucewa ba, iskarsa ta shaƙe su. Washegari hukumar UNICEF ta ce yara fiye da 150 sun rabu da iyayensu, ana kuma neman wasu fiye da 170. Ranar 27 ga watan aka ba da umarnin kwashe unguwanni goma, mutane wajen 400,000 suka fita, da yawa suka cunkushe a garin Sake inda babu isasshen ruwan sha kuma an san shi da kwalara. Yawan yaran da suka ɓace ya ƙaru sosai. An mayar da mafi yawansu, kuma yaron da ya iya faɗin sunan ubansa da unguwarsu shi aka fi saurin mayarwa.

Mun ga irin wannan da idonmu a kan hanyar Kurmuk, ba sai an je Kwango ba. Shi ya sa muke roƙonku, dutse ko ba dutse, ku yi wannan a daren yau. Kowane yaro da ya fara magana a koya masa cikakken sunansa, sunan uba da na kaka, sunan uwa, sunan ƙauyenku na asali da lambar unguwarku ta nan. A koya masa da Hausa da Larabci, domin wanda zai tsince shi ba lallai ya ji Hausa ba. Ƙananan da ba su iya ba, a rubuta a ƙyalle a ɗinke a cikin riga, kamar yadda ake ɗinke laya. Kowane gida ya zaɓi wuri ɗaya na haɗuwa in an watse, ko masallaci ko bakin famfo, kuma a raba yara tun yanzu: wane yana hannun wance. Kada a bar wa yarinya 'yar shekara tara goyo da jan wani a cikin duhu. Katin abinci da takardar rajista da katin rigakafi a sa su cikin leda ɗaya, kowa a gidan ya san inda take, wanda yake da waya ya ɗauki hotonsu. Tsoho ko gurgu ko makaho da ba shi da kowa, maƙwabta su san wa zai ɗauke shi.

Abin da zai iya tashinmu da dare a nan gobara ce ko ruwa. Tantuna da bukkoki suna manne da juna, iskar rani ta fara. Kuma tun da mun ambaci iska mai shaƙewa, sanyin nan yana sa wasu kwana da garwashi a rufaffen tanti. Iskar gawayi ba ta da wari, barci take sa mutum, yara take fara ɗauka. A fitar da murhu waje kafin a kwanta.

Sai batun masu motoci. Mun samu labarin wasu suna zagayawa suna karɓar kuɗin kujera, wai a tanadi wuri kafin wuta ta iso. Ku lura, mai tura muku bidiyon da mai sayar da kujerar sau da yawa bakinsu ɗaya. Wanda ya fita ba takardar izini yana iya faɗawa hannun jami'an hanya, in kuma aka zo tantancewa ba ya nan, gyaran katinsa yakan ɗauki lokaci, yaransa ne za su ji a tukunya. In da akwai dalilin kwashe mutane, za ku ji daga shugabannin unguwanni da lasifika da rana tsaka, za a faɗi inda za a je, kuma ba za a karɓi ko Birr ɗaya ba. Duk wata hidima ta hukuma a sansanin nan kyauta ce.

Wanda aka karɓi kuɗinsa ya zo ofishin kariya, ba za a faɗi sunansa ga kowa ba, mata kuma akwai mace mai tafinta da za ta zauna da ku. Wanda har yanzu yake neman ɗa ko ɗan'uwa tun daga Sudan ya zo mu haɗa shi da masu neman dangi na Red Cross. In wani bidiyon ya sake shigowa, kafin ku tura wa kowa ku kawo mana wayar mu duba tare. Iyalan da suka dawo kuma, don Allah kada a yi musu dariya, a taimaka musu su mayar da tantinsu kafin magariba. Yanzu Baba Malam zai yi mana addu'a, bayan nan masu tambaya su ɗaga hannu, za mu fara da ɓangaren mata.