Abin da ya Hau da Bature Teku: Jawabi a Bikin Yaye Ɗalibai, Danchadi

   

Shugaban makaranta ya ce in taɓo tarihi, amma kada in ajiye ku a rana. To, me ya raba Bature da gidansa ya hau teku?

Ƙishin zinariya ne, zinariyar kuwa ta Yammacin Afirka. A 1324 Mansa Musa na Mali ya ratsa Alƙahira zai tafi hajji, ya yi ta kyauta har darajarta ta faɗi a Masar. Labari ya kai Turai. A 1375 aka zana shi a wata taswira a tsibirin Mayorka, yana zaune riƙe da dunƙulen zinariya. Turawa na gani, ba damar taɓawa. Raƙuma ke ratsa Sahara da ita, fataken Magrib su yanka musu kuɗin da suka ga dama. Masoro da kanumfari ma sai sun bi ta hannun Misirawa da mutanen Banis. Duk mai cin kasuwa a nan ya san zafin sayen kaya a hannu na huɗu.

Fotugal ta fara gwada ƙarfi. A 1415 ta ƙwace Sabta, masaukin ayari a gaɓar Maroko, ga tsohuwar gaba da Musulmi tana ƙara zuga ta. Fatake suka canza zango, suka bar ta da ganuwa. Shi ya sa Yarima Henri na Fotugal ya koma ga jiragen ruwa, ya ce a zagayo ta bayan gida. A 1482 har sun gina sansani a Elmina, cikin Ghana ta yau. Kafin nan ma sun soma jidar bayi.

Mu nan sun daɗe ba su iso mu ba, ko da yake fatar jar akuyarmu ta riga su ƙetarawa, ana sayar da ita can da sunan fatar Maroko. Sai a 1824, shekara 9 bayan Shehu ya tashi daga Sifawa nan kusa da mu, wani Bature, Kilafaton, ya sauka wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato. Shi ma ta hanyar raƙuman nan ya biyo, daga Tarabulus, ta Barno da Kano.

Allah ya sa albarka a takardunku.